Madarar Gwangwanin da Na Kai Mandera

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin agaji a ƙasar Sakkwato ya san jerin kayan da ake rubutawa tun kafin a je a ga mutanen da abin ya shafa. Shinkafa da masara, man gyaɗa, tabarmi da barguna, gidan sauro, bokitai, sai kwanon rufi da siminti idan aljihu ya yi nauyi. Haka na san shi tun ambaliyar watan Satumbar 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya malale ƙauyukan bakin gulbin Rima, har ya yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Maza ne ke rubuta jerin nan, kuma da wuya ka ga layin da ya tuna da mai jego ko jaririn da ke bayanta. Ni na tuna da su. Na ƙara layi guda da hannuna, kuma layin nan shi ne kuskure mafi muni da na taɓa yi a aikin taimakon jama'a.

Wata damina ce, tsakiyar marka, aka kwana ana ruwa aka wuni ana yi. A wani ƙauye na ƙasarmu ta Mandera, cikin ƙaramar hukumar Shagari, gidajen ƙasa suka sha ruwa suka riƙa zubewa, rumbuna suka kwanta, shaddodi suka cika suka tumbatsa, ƙazantar ta bi hanya har bakin rijiyoyi. Iyalan da suka rasa ɗaki suka tare a azuzuwan firamare. Mu 'yan garin da ke zaune a birni muka shiga karo-karo ta WhatsApp, kowa ya kawo abin da Allah ya hore masa. Cikin wayoyin da aka yi ta bugowa, wani ya ce mini masu shayarwa na cikin wani hali, tsoro da yunwa sun sa nononsu ya ɗauke, jarirai kwana suke suna kuka. Maganar ta shige ni. Ban tambayi mace ko ɗaya ba. Ban tambayi matata ba, wadda ta shayar da 'ya'yanmu duka ina kallo, ban kuma nemi wata malamar asibiti ba, alhali akwai su a cikin danginmu. Na miƙe a taro na yi magana mai taɓa zuciya, aka ware mini kaso mai tsoka daga kuɗin da aka tara.

Na shiga kantuna na sayi madarar jarirai ta gwangwani da bulunboti. Da na ga kuɗin ba za su kai kowa ya samu ba, sai na cike da madarar shayi ta leda, a zatona madara ai madara ce. Muka ɗora kayan a mota, muka bi ta Boɗinga muka isa. Duk macen da na gani da goyo na miƙa mata gwangwani ɗaya ko biyu, ban tambayi watannin yaron ba, ban tambayi ko yana kama nono ba. Mata suna ta sa albarka, ni kuma zuciyata fes.

Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba, Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta daɗe tana aikin ungozoma a ƙauyen. Ta ɗauki gwangwani ta jujjuya shi, ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, mi kak kawo muna haka? Ɗiyan ga suna da uwaye. Uwayen ka jin yunwa." Na ce, "Gwaggo, ai zamani ya canza, wannan masana ne suka haɗa shi." Ba ta ja ba. Ta ce Allah shi ba da lada, ta koma cikin mata. Na ɗauki maganarta a maganar tsofaffi, kuma gaskiyar lamarin duka tana cikin kalmominta huɗu ɗin nan, "Uwayen ka jin yunwa".

Ba a daɗe ba ƙanwata, ɗiyar baffana, ta bugo mini waya. Goyon fari take yi, yaron bai wuce wata uku ba. Ta ce, "Yaya, yaron nan ba ya tsai da komai a cikinsa." Da aka kawo shi birni idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, ko kukan kirki ba ya iya yi. Aka kwantar da shi aka sa masa ƙarin ruwa. Malamar jinya ta shiga tambayar uwar: me yake sha, da wane ruwa ake dama masa, sau nawa ake wanke bulunbotin, wa ya ba ta madarar? Ƙanwata ta sunkuyar da kai, ba ta son ta kunyata ni. Malamar ta juyo ta ce, "Malam, kai ka ba ta?" Na ce ni ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja ni bakin ƙofa ta yi mini bayanin da ya kamata in nema tun kafin in taɓa kuɗin mutane.

Firgita ba ta ƙafar da nono. Riƙe shi take yi na ɗan lokaci, domin sinadarin da ke sa nono ya sauko, wanda likitoci ke kira oksitosin, ba ya shiri da tashin hankali. Uwa za ta ga yaro ya kama ya saki yana kuka, sai ta ɗauka babu komai a ƙirjinta, alhali yana nan. Da zarar ta sami wurin zama, ta sha ruwa, ta rungume ɗanta jikinsa na taɓa nata, wata ta zauna kusa da ita tana kwantar mata da hankali, sai ya sauko. Shi ma jaririn yana jin canjin wuri da hayaniyar aji cike da mutane, ba kowane kukansa ne na yunwa ba. Yawan nonon kuwa tsotso ne ke kawo shi. Malamar ta ce in ɗauke shi kamar rijiya, ana ɗiba tana kawowa, ranar da aka daina ɗiba ta fara mutuwa. Yunwa ma ba ta saurin taɓa nono. Jikin uwa yana fifita ɗanta a kan kansa, ita ce za ta rame ta yi haske, nonon na nan yana zuwa, sai fa idan yunwar ta yi tsanani ƙwarai. Saboda haka maganin uwar da ke jin yunwa shi ne a ciyar da ita.

To ga abin da gwangwanina ya yi. Yaro ya sha bulunboti ya ƙoshi ya yi barci, ya rage tsotso, musamman na dare wanda ya fi kawo nono. Cikin 'yan kwanaki nonon ya ragu da gaske. Maganar da ba gaskiya ba ce ranar da aka faɗa mini ita a waya, ni na je na mayar da ita gaskiya. Bayan haka, uwar da ta ga ɗan boko daga birni ya kawo abu mai hoto da rubutu, sai ta fara raina abin da Allah ya ba ta a jikinta. Wannan ɓarnar ta fi wuyar gyara.

Akwai kuma lissafin da ban yi ba, ni da nake alfahari da iya lissafi. Jaririn da ba ya shan nono yana buƙatar kusan kilo 20 na garin madara a watanni shidansa na farko, wato gwangwani 40 masu giram 500. Ƙaramin gwangwani mai giram 400 kwana uku zuwa huɗu yake yi. Abin da na ba kowace uwa ya isa ya janye yaro daga nono, amma bai isa ya rene shi ko na mako biyu ba. Da ta ga gwangwani ya kusa ƙarewa, kuma ta san ba ta da kuɗin wani, sai ta rage gari ta ƙara ruwa, yaro ya cika ciki yana ramewa. Umarnin haɗawa da Turanci aka rubuta shi, mafi yawan matan nan kuwa karatun allo suka yi. Madarar shayin da na cike da ita ba ta dace da jaririn da bai kai wata shida ba ko kaɗan, ko da ruwan da ya fi kowane tsabta aka dama ta.

Ruwan kuma shi ne babbar musiba. Garin madara yana iya zuwa da ƙwayoyin cuta a cikinsa tun daga masana'anta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tafasa ruwa, a dama shi tun zafinsa bai sauka ƙasa da digiri 70 ba, abin da ya rage kuma a zubar idan ya kai awa biyu. Bulunboti da kan robarsa sai an wanke da sabulu an tafasa kowane sha, ƙaramin jariri kuwa yakan sha sau takwas a wuni da dare. Ina itacen wannan wuta a tsakiyar marka, a ajin da ake girki bi da bi a kan murhu ɗaya? Mu mutanen Shagari mun san abin da itace ke ci. A watan Mayun 2023 kwale-kwale ya kife da yara a ƙauyen Dandeji, goma sha biyar suka rasu, kuma itacen girki za su nemo a ƙetaren ruwa. A irin wannan ƙasa na miƙa wa mata abincin da ba ya haɗuwa sai da wuta sau takwas, daga rijiyar da na gani da idona ruwan shadda ya kewaye ta.

Daga baya na gano cewa ba ni ne na fara faɗawa ramin nan ba, manyan ƙasashe da manyan ƙungiyoyi sun riga ni. A Botsuwana gwamnati ta kasance tana ba mata masu ɗauke da cutar ƙanjamau madarar gwangwani kyauta, da kyakkyawar niyyar kare jariransu. Da aka yi ruwa mai yawa a farkon 2006, ruwan sha ya gurɓata, gudawa ta ɓarke ta kashe ɗaruruwan yara cikin 'yan watanni. Masu bincike daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka tarar mafi yawan yaran da aka kwantar ba sa shan nono, kuma rashin shan nonon shi ne babban abin da ya jefa su cikin haɗari. A shekarar nan dai, a watan Mayu, girgizar ƙasa ta auka wa yankin Yogyakarta a Indunusiya, masu tausayi suka yi ta aiko da madarar jarirai ana rabawa gida-gida. Binciken da aka yi bayan nan ya nuna kusan kashi 25 cikin 100 na jariran da aka ba su madarar sadaka sun yi gudawa a mako guda, alhali a cikin waɗanda ba a ba su ba abin bai kai kashi 12 ba. Mujallar likitoci ta Lancet kuma ta ƙiyasta a 2016 cewa da ana shayarwa yadda ya kamata a duniya, da an ceci ran yara 823,000 kowace shekara. Dalilin a fili yake. Nonon uwa abinci ne, ruwan sha ne mai tsabta, kuma yana ɗauke da garkuwar da jikin uwar ya haɗa a kan cututtukan wurin da suke zaune ita da ɗanta. Babu gwangwanin da ke da wannan.

Har doka akwai, ban sani ba. Tun 1981 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince da ƙa'idar tallata abubuwan da ake maye gurbin nonon uwa da su, Najeriya ta kafa tata dokar a 1990, kuma NAFDAC ce ke tsaron ta. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna da nasu kundin aiki kan ciyar da jarirai a lokacin bala'i, wanda aka sabunta a 2017. Ya hana neman sadakar madarar jarirai, ya hana karɓarta, ya hana sa ta ko garin madara a cikin rabon kowa da kowa, ya kuma hana rabon bulunboti. Na karya biyun ƙarshe daga cikin waɗannan a wuni ɗaya, ina ganin aikin lada nake yi.

Ɗan ƙanwata ya rayu, alhamdu lillahi. Amma cikin jariran da na miƙa wa iyayensu gwangwani akwai wata yarinya da ba ta cika wata biyu ba, gudawa ta ɗauke ta kafin a kai ga samun mota. Na je gaisuwa. Mahaifinta ya riƙe hannuna yana yi mini godiyar taimakon da na kawo musu, ni kuwa na kasa ɗaga kai. Duk wanda na faɗa wa damuwata sai ya ce kwananta ne ya ƙare, in daina ɗora wa kaina. Na yi imani da haka, babu ran da ke wuce ajalinsa. Sai dai malaman da suka karantar da mu ƙaddara su ne suka karantar da mu cewa ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakinsa, kuma wanda ya kutsa aikin magani ba da sani ba, abin da ya ɓata yana wuyansa. Niyyata mai kyau ce, amma na sami damar tambaya ban yi ba, aka kuma gargaɗe ni ban ji ba. Na nemi gafarar Allah, na je na faɗa wa kwamitinmu gaskiyar abin da ya faru da kuɗinsu, na kuma nemi Gwaggo ta yafe mini. Cewa ta yi, "Na yahe ma. Amma in anka sake, ka tambayi mata."

Ita ce ta karɓi ragowar aikin. Lokacin da aka sallami yaron nonon ƙanwata ya kusa ɗaukewa, malamar asibiti ta ce zai dawo idan aka yi haƙuri. A riƙa sa shi a nono dare da rana ko da babu abin kirki a ciki, su kwana jiki da jiki, madarar da za a ci gaba da ba shi kafin nonon ya wadata a ba shi da ƙaramin kofi, ana ragewa sannu a hankali. Kofi ya fi bulunboti sauƙin wanki, kuma ba ya ɓata wa yaro kamun nono. Gwaggo ta ɗauke wa ƙanwata surfe da ɗiban ruwa, ta tsare ta da fura da kunun gyaɗa da tuwo da miyar zogale. Cikin 'yan makonni nono ya dawo, aka jefar da gwangwanin. Ban taɓa sanin hakan na yiwuwa ba. Gwaggo ta ce ta ga kakar da ta shayar da jikanta bayan uwarsa ta rasu, kuma likitoci sun tabbatar ana yin haka.

Ba zan ce duk abin da tsofaffinmu suka gada daidai ne ba. Ita kanta Gwaggo sai da malamar ta roƙe ta ta rage kanwa a kunu, domin tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan kanwa da zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Har yanzu akwai gidajen da ake matse dakashi a zubar, a ce nonon farko ƙazanta ne, alhali shi ne rigakafin jariri na farko, kuma a cikin awa ɗaya bayan haihuwa ya kamata a sa shi a nono. Akwai masu gwada nono da tururuwa, in ta mutu a ciki a ce nonon mugu ne a hana yaro. Mafi yaɗuwa kuwa shi ne ba jariri ruwa. Wanda ya san zafin Sakkwato zai ga kamar rashin imani ne a hana yaro ruwa, amma kusan kashi 88 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishe shi har wata shida ko a watan Afrilu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. A kwanakin lafiya ɗan ruwan nan yakan wuce ba a gane ɓarnarsa ba. A kwanakin ambaliya kuwa cokali ɗaya ya isa ya shigar da cuta. Mun ga yadda kwalara ta yi a 2021, sama da mutum dubu 100 suka kamu a faɗin ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Sakkwato na cikin jihohin da ta taɓa. Ko uwar ce ta kamu, ba a raba ta da ɗanta. Cutar ba ta bi ta nono, a wanke mata hannu da ƙirji da sabulu, a ba ta ruwan gishiri da sukari, ta ci gaba da shayarwa da zarar ta iya.

Mai karatu zai ce, to jaririn da uwarsa ta rasu fa, ko aka sace ta, ko take kwance ba ta san inda kanta yake ba? Tambaya ce ta gaskiya, kuma a nan ne na ga cewa muna da amsa a gida wadda muka yi wa riƙon sakainar kashi. Addininmu ya san shayar da ɗan wani. Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma Alƙur'ani da ya ambaci shekara biyu na shayarwa a Suratul Baƙara ya yi maganar ba mai shayarwa ladanta. Abin da masana lafiya ke cewa a yau shi ne, bayan nonon uwa babu abin da ya fi wa jariri kamar nonon wata mace mai lafiya, an fi so a yi mata gwajin jini idan da hali. Me ya sa mata ke noƙewa? Tsoron haramcin aure. A mazhabarmu ta Malikiyya shan nono ko kaɗan ne, in dai ya kai ciki a cikin shekarun shayarwa, yana haramta aure, kuma a ƙauyen da auren zumunci ya yi yawa ba wanda ke son ya ƙulla abin da zai warware auren 'ya'yansa nan gaba. Tsoron yana da tushe. Amma maganinsa ba shi ne a bar maraya da ruwan rijiya ba. Maganinsa a yi abin a fili, da shaidu, liman ko mai unguwa ya rubuta wadda ta shayar da wanda aka shayar, a ajiye. Littafi ɗaya na naira kaɗan ya isa gari guda.

Idan duk an nema an rasa, to a nan madarar gwangwani take da gurbi, kuma tana ceton rai. Amma ma'aikacin lafiya ne zai tantance yaron, a ba mai renonsa ita kaɗai a keɓe, tare da tukunya da sabulu da kofi da abin wuta, a koya mata haɗawa da hannu, a ɗauki alkawarin kawo mata ba yankewa har yaron ya kai aƙalla wata shida, ana auna shi. Wanda ba zai iya ɗaukar wannan alkawari ba, kada ya fara. Bayan wata shida yaron da ba ya shan nono zai iya shan madarar shanu da aka tafasa tare da abinci, wannan kuwa ba mu rasa ta a wurin makwabtanmu Fulani.

Yanzu ba ruwa kaɗai ke raba mutanenmu da gidajensu ba. Tun harin Tabanni na 2018, wanda ya tara jama'a a Gandi cikin ƙaramar hukumar Rabah, jihar nan ba ta rabu da 'yan gudun hijira ba, kuma abin da muke ji daga Isa da Sabon Birni ya matso har ƙauyukan da ke kusa da mu. Matar da ta gudu da tsakar dare ba ta ɗauki buta ko tukunya ba. Abinci ɗaya ne ya gudu tare da ita, shi ne wanda ke ƙirjinta. Da aka sake samun mutane sun tare a makarantar garinmu, mun canza salo. Abu na farko da muka saya zana ce. Muka kewaye gefe guda na mata zalla, domin mun gano cewa kunya ma tana hana shayarwa. Yarinya mai goyon fari, a aji ɗaya da surukinta da samarin unguwa, za ta bar yaro ya yi ta kuka ta ƙi buɗe ƙirji, sai a ce nononta ya ɗauke. A cikin zanar nan aka ɗora tukunyar kunu, aka sa Gwaggo da wata ma'aikaciyar lafiya, masu ciki da masu shayarwa aka ba su rabonsu ba tare da sun tsaya layi a rana ba. An ce bayan girgizar ƙasar Haiti ta 2010 tantuna aka kakkafa don wannan aiki. Mu zana ta yi mana, kuma kuɗinta bai kai na katan ɗaya na madara ba.

Mun kuma lura da 'yan wata shida zuwa shekara biyu, waɗanda kayan agaji suka fi mantawa da su. Shinkafa da taliya ba sa gina ɗan ƙaramin ciki, koko tsararo ma haka. Aka riƙa haɗa garin gero da gyaɗa da waken suya ana dama musu da kauri, da ƙwai ko kifi idan an samu. Aka roƙi iyaye su ɗage yaye har hankali ya kwanta, domin yaron da aka yaye a sansani shi tamowa ke fara kamawa, a jihar da binciken 2018 ya nuna fiye da rabin yaranta sun tsumbure. Wanda awon dantsensa ya faɗa ja, ƙasa da santimita 11.5, ba a jira, asibiti ake kai shi.

Makon farko na watan Agusta shi ne makon shayarwa na duniya, kuma a ƙasarmu shi ne lokacin da marka ke kankama, rumbu ya yi ƙasa, gidaje ke faɗuwa. Ina roƙon limamanmu na Shagari da Boɗinga su ware huɗuba guda a wannan lokaci kan shayarwa da hukuncin shayar da maraya, domin maza ne ke sayen kaya, kuma su ne ke masallaci. Ina roƙon ƙungiyoyin gari da 'yan siyasa da attajiranmu kada su zauna tsara agaji babu ungozoma ko malamar asibiti a wurin, a kuma bar ta ta yi magana kafin a ƙirga kuɗi. Kuɗin da za a kashe a gwangwani a saya wa uwa gero da gyaɗa da wake da sabulu. Wanda kuma yake da katan ɗin madarar jarirai a hannunsa yanzu da niyyar sadaka, ya kai asibiti ya damƙa wa ma'aikatan lafiya, kada ya raba da kansa.